Kwano na Goma

Shekara talatin ina kwaɓa kankare a Tawa,
ban taɓa zuba abin da ban saya ba.
Siminti daga Malbaza,
yashi a amalanken Ɗan Jimma,
ruwan ma sai na ƙirga dala.

Sai ga Sahiya ta dawo daga Yamai,
ɗiyar ƙanena, wadda na yi wa huɗuba,
da takarda a jaka da magana a baki:
"Baba, cikin kwano goma na siminti
cire ɗaya, mu sa toka."

Na ce toka ta miya ce.
Uwarki ta tace ta, ta jiƙa kuɓewa.
Ni ba miya nake ginawa ba.

Ba ta yi musu ba. Ta tafi masussuka,
inda ƙaiƙayin gero ke tsibi
ba mai ce masa sannu sai iska da awaki.
Ta cika buhu shida.
Ta huda tsohuwar ganga, ta hura wuta a hankali,
ta kwana tana gadinta kamar mai jinya.
Ta farko ta fito baƙa, ta zubar.
Ta ce gawayi ne, bai gama mutuwa ba.
Ta biyu ta fito fari-fari, launin gemuna.

Inna Tsahara ce ta daka,
ta tankaɗe a rariyar da ta fi ta garin tuwo laushi,
tana dariya har tana tari:
"Yau ga boko ya zo aron turmina."

Muka zuba 'yan dunƙule goma sha biyu,
shida nawa, shida nata,
ta rubuta rana a bayan kowanne da ƙusa,
muka nutsa su cikin randa.

Kwana bakwai, muka kai su ƙarƙashin injin matsa.
Nata ya riga nawa fashewa.
Na yi shiru irin na mai gaskiya,
shirun da ya fi gori ciwo.
Ta kwashe ɓaraguzan a gefen zanenta
ta ce, "Gero ma ba ya nuna a mako."

Kwana ashirin da takwas, ta taɓo ƙeyata.
Wata uku,
allurar injin ta wuce inda nawa ya tsaya,
ta ƙara gaba kaɗan, kamar faɗin farce,
kafin dunƙulen ya yi ƙara.
Na cire hula, na sosa inda ba ya ƙaiƙayi.

Ba mu kai ta kan bene ba tukuna,
ni da ita mun yarda da wannan.
Daɓen rumbun Ma'azu muka fara,
sai kwamin shayar da shanu a bakin rijiya.
Ran da aka zuba hatsi a kan daɓen
na tsaya ina kallo:
gero kwance a bisa tsohuwar rigarsa,
bai gane ta ba.

Yanzu in na auna tara, hannuna kan tsaya da kansa,
ya miƙa wa na goma.
Buhu ɗaya cikin goma ya zauna a aljihun mai gida.

Jiya na aiki yaro wurin Inna Tsahara.
Ya dawo da kwano wayam.
Wai in ji ta, a gaya wa Asumana
toka ta daina zama kyauta,
tiya ɗaya dala ashirin,
kuma ba ta ba da bashi.