Ɗorawa a Challawa

Ran Lahadi ba na buɗe shago a Sharaɗa.
Keken ɗinki ya huta, allura ta kwanta.
Kafin gari ya gama wanke ido
na ɗaure sandunan gora a jikin babur,
Baba Jatau a baya, ya rungume gwangwanin madara
kamar mai tsaron kuɗin adashi,
mu miƙe hanyar Panshekara, sai Challawa.

Idonsa ya yi yana tun bara waccan,
amma hancinsa bai tsufa ba.
Ya ce, "Nan ruwan jima ne, wuce.
Kifin da ya sha wannan, ko mage ta ƙi shi.
Kai mu sama, inda ruwa ke gudu kan tsakuwa."

Na taɓa zuwa da hanjin kaza mai kwana biyu.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Tarwaɗa ka zo gayyata, ɗan nan?
Ita ce ba ta ƙin tayi.
Ɗorawa kuwa 'yar gidan tsabta ce,
bakinta a ƙasa, gemunta huɗu,
tana shinshina gindin dutse
kamar tsohuwa mai tsintar gero a turɓaya.
Ba ta ɗaga kai don ganin kowa."

To me take ci?

In ruwa ya yi ja bayan an kwana ana zuba,
tana ce, mai rai, wadda ke murɗa jiki,
a soke ta sau ɗaya, a bar wutsiya tana rawa.
In farkon damina ne, shinge ya fito daren jiya,
cika aljihu, ka ga biki.
In ruwa ya kwanta ya yi garau har kana ganin yatsunka,
dusa da ƙuli-ƙuli, a murza da ɗan tuwon jiya,
a ɗiga daddawa kamar ƙwayar ido,
kada ta yi tauri, kada ta narke tun a hanya.
Wannan shi yake kwaɓawa, ba ya ba kowa.

Dalma ta yi tsada, tsohon fulogi muke ɗaurawa.
Guntun silifa da na yanka don ya yi yawo a sama
ya fizge ya jefar.
"Wannan na masu ido ne.
Sa zaren a kan ɗan alinka, ka yi shiru.
Jifa can sama da ramin, ruwa ya kawo mata har gida.
Kada inuwarka ta riga ka isa.
Kada ka taka gaɓa kamar mai bin bashi.
Watsa dusa kaɗan, kaɗan,
wanda ya ƙoshi ba ya cizon ƙugiya."

Hantsi ya yi. Masu ɗiban yashi sun zo sun tafi.
Ƙurungu biyu, ɗaya ya soke ni a tafi.
Na fara lissafin rigunan da ban gama ba,
da mai ɗaurin auren da zai zo gobe da hantsi.
Sai wani abu ya taɓa zaren,
taɓin yaro mai jin kunyar sallama.
Na zabura. Ya dafe mini gwiwa.
"Tambaya take. Bari ta gama tambayar."

Sai gora ta rusuna.
Zare ya yi kuka, ya yanki fatar yatsana,
ta yi ƙasa, ta yi gaba, ta nemi saiwa.
Na ga gefenta sau ɗaya, rawaya kamar garin ɗorawa,
faɗinta ya kai tafi biyu.
Sannan zare ya dawo mini fayau, ba nauyi,
ƙugiya ta miƙe kamar allurar shagona.

Ban ce komai ba. Shi ma haka.
Can ya laluba gwangwani, ya murza wani ƙwallo,
ya kai hanci, ya ƙara daddawa.
"Ta ci, ai," ya ce. "Ba a ƙi girkina ba.
Ƙugiyar taka ce ta 'yan naira hamsin.
Miƙo hannun in ji inda ta yanke ka.
Yauwa. Nan ne. Yanzu ka fara koyo,
mako mai zuwa sai mu fara kamawa."