Mudun Haske

Falle huɗu na fim suka rage mini,
kowanne faɗin tafin hannu da ɗoriya,
kuɗin kowanne cefanen kwana uku ne a Agege.
Mai falle huɗu ba ya harbin iska.

Kyamarata tsohuwa ce mai zugazugi,
ƙafa uku gare ta, ba batir, ba ra'ayi.
In na lulluɓa da baƙin mayafi
sai Ikko ta tsaya da ka a kan gilashi,
danfo na gudu a sama,
gada ta rataye kamar jemage.
Tana gani sarai, awo ne ba ta sani ba.
Shi ya kai ni Idumota ran Talata,
hawa na biyu, bayan masu gyaran agogo,
wurin Baba Ajibade mai tabarau ɗaure da zare.

Ya baje mita uku a kan tsohuwar jarida.

Ta farko gyatuma ce, da allura take magana,
hasken da take aunawa shi ne tuwonta.
A bakin taga ta yi rawa,
a lungu ta yi lamo.
Baba ya ce da rana malama ce,
da magariba sai ka yi mata jagora.

Ta biyu kamar ƙaramar bindiga.
Ka kanne ido, ka saita, ka ja kunama.
Daga nan ta ɗanɗano mini rufin kwano a ƙetaren titi
da inuwar ƙarƙashin tankar ruwa,
ɗigo ɗigo, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Raina ya biya.
Sai na hango kaina a Obalende
ina auna kawunan mutane da baƙin abu,
ɗan sanda na tahowa yana gyara hula.
Wa zai tsaya jin bayani a kan inuwa?

Ta uku da farin ƙullutu a goshi, rabin ƙwan zabuwa.
Ita ba ta aiki daga nesa.
Sai ka taka har inda mutum yake,
hasken da ke zubo masa ya zubo maka.

Baba ya ce, ɗana, kowace mita wawuya ce,
a wurinta duniya toka ce.
Nuna mata alli, ta ce toka,
nuna mata gawayi, ta ce toka.
Me za ka ɗauka?

Na ce Kawu Lawandi.
Shekara arba'in yana kasa goro a rumfa ɗaya,
baƙi wuluk, rigarsa fara fat,
rumfar rabi rana, rabi duhu.
In na bi riga, fuska ta nutse,
in na bi fuska, riga ta ƙone.
Bana zai koma Ringim, ya ce gwiwa ta gaji.

Wani yaro ya leƙo, wai wayarsa ma tana yi, kyauta.
Baba ko ɗagowa bai yi ba.

Na taya, ya ce albarka da Hausarsa ta kasuwa.
Na sauka matakala uku kafin ya kira ni.
Mai ƙwan na ɗauko.
Na san ranar da zan so kwale-kwalen Makoko daga kan gada
zan ciji yatsa, don ba a taka ruwa.
Ranar ta zo da nata.

Juma'a da hantsi na kafa ƙafafu uku a gaban rumfa,
na zagaya na durƙusa gefen Kawu,
ƙwan a ƙarƙashin haɓarsa yana kallon titi.
Ban taɓa matsowa haka ba tun ina yaro.
Ashe akwai tabo a bayan kunnensa.
Ƙamshin ɗanyen goro, da jiƙaƙƙen algarara.

Mita ta ce rabin daƙiƙa.
Na ƙara masa kaɗan saboda fuskar.
Na ce Kawu, kar ka motsa.
Ya ce shekara arba'in, yau ne zan motsa?

Na zare marfi, na danna.
Saura falle uku.