Gilashin Baya

Sati uku waifar baya tana shara a bushe,
ƙiii ta tafi, ƙiii ta dawo,
tana dama jan taɓon hanyar Bojude
kamar mai yaɓe ɗaki da tafin hannu.
In na murɗa, famfo ya yi gurnani a ƙasan bonet,
gaba ya sha har ya yi tumbuɗi,
baya ko ɗigo.

Na ce ba komai, mota gaba take tafiya.
Wa ya aike ni kallon abin da na wuce?

Sai dai duk Asabar, in na tashi daga gida,
Dada takan rako ni bakin zaure,
ta ɗaga hannu har in sha kwana.
Sati uku ina duba madubi,
ba na ganin komai sai laka.

Ran Laraba na kai ta wurin Yila,
bayan Tashar Dukku, gindin dalbejiya,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta daina tsiro.
Ya zare fis, ya ɗaga shi a rana: lafiya lau.
Ya leƙa tanki, ya shinshina yatsa.
“Malam, omo kake zubawa?”
Na yi shiru irin na ɗalibaina.

Ya aiki yaronsa Gidado aron allura wurin tela,
ya tsokaci ɗan hancin feshi, ya ce in murɗa.
Shiru.
Ya cire tiyo ya kafa baki,
kumatu suka cika kamar na kwaɗon damina,
iska ta tafi, ba ta ce ga inda ta sauka ba.

“Ba toshewa ba ce,” in ji shi, “ɓarawo ne a hanya.”

Ya bi tiyon da yatsa kamar mai bin jijiya,
ta ƙarƙashin rufi, ta bayan kujera,
har gaɓar da but yake lanƙwasa.
Can, cikin rigar roba,
buɗe da rufe na shekara goma sha
sun tsaga shi tsawon farce.

To ina ruwan sati uku?
Gidado ya ɗage kafet, ya ciro tayar safaya,
sai ya fashe da dariya.
Dawar da ta zube daga buhun Dada
ta samu rami, ta samu ban ruwa,
ta tsiro fara sol a cikin duhu,
tana neman sama inda babu sama.
Yila ya ce, “Ruwanka bai ɓata ba, Malam,
noma kake yi ba ka sani ba.”

Ya yanke inda ya tsage.
Ya dubi aljihuna, ya zare jan bironmu na maki,
ya fid da ransa, ya datse bututun,
ya haɗa baki da baki, ya ɗaure da waya.
“Murɗa.”
Ruwa ya yi tsalle, har ya jiƙa Gidado.
Dubu ɗaya da ɗari biyar, ban da biro.

Asabar ta zagayo, an kwana ana ruwa.
Na tashi mota, na murɗa,
laka ta narke, waifa ta share,
ga Dada tangaran cikin madubi,
hannu a sama kamar kullum.

Na ɗan rage gudu, ina ƙara kallo.
Da ta zaci na yi nisa,
sai hannun ya sauko ya dafa bango,
ɗayan ya kama gwiwa,
ta zauna kan dakali a hankali, a hankali,
kamar mai sauke tulu cike.

Ba ta taɓa gaya mini ba.

Na taka burki.
Na sa ribas.