Zartsi

Rijiyar da baba Arzika ya haƙa a Kamba
shekarar da aka yaye ni,
garɗi gare ta. Har fataken Gaya
sukan ratso da jakunansu su sha.

Bana Kulu ta dama fura da ruwanta,
ta kurɓa, ta tofar, ta dube ni.
Sabulu ya ƙi kumfa.
Wake ya wuni a wuta bai dahu ba.
Akuya ta sunsuna ƙwarya, ta ba mu baya.

A fadama injuna goma sha biyu
suna zuƙa tun asuba har lisha.
Shinkafar rani muka nema,
sai ga farin ɓawo a bakin kwami
kamar an barbaɗa toka,
ganye yana ƙonewa daga tsini.

Malamin gona ya zo da kwalba,
ya tsoma wani ƙarfe, ya karanta lamba.
Ya ce tun kafin kakan kakanninmu
teku ta taɓa kwana a ƙasar nan,
da ta tashi ta manta gishirinta,
mu kuma muka yi ta ja har muka tashe shi.

Ni da ban taɓa wuce Yawuri ba,
ga teku a cikin gugana.

Yanzu Kulu kan tafi rijiyar tudu,
tulu ɗaya, tafiyar sa'a guda.
Ni kuwa kullum da sassafe
nakan ɗebo ta Arzika in ɗanɗana,
ko Allah ya sa ta huce.