Hujin da ke Ƙeya

Jacira, ajiye wayar nan, zo ki riƙe mini rariya.
Ƙasar kwarin Jequitinhonha ba ta son gaggawa.
A daka ta, a tankaɗe, a ba ta ruwa kaɗan-kaɗan,
kamar majinyacin da ya kwana uku bai haɗiyi komai ba.

Shekara arba'in da ɗaya ina gina mutane da yumɓu.
Amare na fi ginawa, su baƙin birni ke so:
farar ƙasa a riga, jar ƙasa a leɓe,
furanni da gashin kaza nake zana musu a ƙirji.
Murmushin amarya ba wuya,
babban yatsa ne sau biyu, an gama.

Wannan ta kan kanta kuwa, wadda kike tsoro tun kina rarrafe,
ba amarya ba ce.
Na fara ta daren da motar masu yankan rake
ta ɗauki ubanki Valdivino zuwa kudu,
da jaka ɗaya da takalmin aro.
Ya ce sai bayan girbi.
Girbi tara na ƙirga, na daina.

Kafaɗunta sun zo da sauƙi, nawa na duba.
Wuyan ma haka, ya karkata wajen hanya da kansa.
Baki ne ya ƙi.
In na ja shi ƙasa, sai ta zama mai makoki,
alhali ba wanda ya kawo mini gawa.
In na ɗaga shi, sai ta zama maƙaryaciya.
Na goge da totuwar masara, na sake, na goge,
har zakaran Evaristo ya yi cara na biyu.
Na bar shi a miƙe,
bakin mai jiran amsa.

Ga abin da uwata ta koya mini, riƙe shi:
kada ki gina mutum cunkus.
Ki rarake cikinsa, ki bar fili,
sannan ki huda ƙeya da tsinke inda gashi zai rufe.
Wanda ba shi da mafitar iska,
ranar da ya shiga wuta sai ya tarwatse,
ya kashe na kusa da shi.

Daren nan na manta hujin.

Da na buɗe tanderu da asuba, toka na da ɗumi,
ba ta fashe ba.
Tsaga ɗaya ce, siririya kamar zaren ɗinki,
daga gefen idon hagu zuwa haɓa.
Abin da yatsuna suka ƙi yi wata da watanni,
wuta ta yi shi a dare guda.
Na zauna a ƙasa nan, gaban kaji,
na yi kukan da na hana kaina a tasha.

Bara wata mata mai tabarau ta zo daga Belo Horizonte,
ta tsallake amare goma sha biyu, ta tsaya gabanta.
Ta daɗe. Ta cire tabarau.
Ba ta tambayi kuɗinta ba, ni ma ban faɗa ba.
Na dafa mana kofi, muka sha, ba mai magana.

To, miƙo kwanon ruwa.
Yau ke za ki yi fuskar.
Kada ki dube ni,
dubi wanda kike tunani in kin yi shiru.
Kuma ga tsinke.