Rufin Tankari

Rana guda muka bar Bagga, ni da Tankari.
Shi, maza tara suka rako shi tashar Tawa,
liman ya shafa fatiha,
aka ce ya tafi biɗa Abijan.
Ni, da ƙullin zane biyu,
aka ce na je gaida inna a Yamai.

Ba ni da inna a Yamai.
Tukwanen wasu nake da su a Lazare,
da ɗan wata a bayana
wanda ya iya sunana kafin na uwarsa.

Shekara uku, sau ɗaya ya aiko.
Aka sayi kwano,
mai wucewa ya ɗaga kai: rufin Tankari ke nan.
Nawa duk ƙarshen wata yake zuwa,
jikka goma ta hannun direba,
ya zama hatsi, ya zama maganin baba,
ya shiga ciki ya ɓace.
Wa ke nuna tuwon jiya da yatsa?

Damina ta kusa, ni zan koma shuka,
shi hanyarsa ta yi nisa.
Zan kwana ƙarƙashin kwanon
in ji ruwa yana kiran sunansa.