Aljihun Tebur na Ƙasa

Shekara talatin da ɗaya a Toledo,
ofis ɗaya, saman shagon wanki,
Lauya Lorraine Pasko na bin ƙananan rubutun
da banki ke ɓoye wuƙa a ciki.

Sukan zo da takardu a ledar burodi,
wani ko ambulan bai iya buɗewa ba.
Takan ce, zauna, sha shayi tukuna.
Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Ta ci wasu shari'u. Dattijo Wendell har gobe
yana kawo tumatir daga bayan gidan
da saura kwana tara a yi gwanjonsa.

Wasu kuwa alƙali ya buga guduma,
aka jera kujeru kan dusar ƙanƙara,
hoton aure ya kife.
Su ne ke bar mata makulli,
don ba su san wa za su miƙa wa ba.

Yau take ajiye aiki.
Aljihun tebur na ƙasa ya ƙi janyuwa:
makullai arba'in da shida,
kowanne ta san titinsa.

Ta juye su a jaka.
Tana sauka daga bene
suna kacau-kacau a hammatarta,
kamar mutanen gida sun dawo.